Sabbin ƙa'idojin bizar aiki a Birtaniya: wa suka shafa, wa suka ƙyale?

Ummu Salma ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar bizar aiki ta Birtaniya ciki da bai ya warware mana wannan ƙulli, domin maganganu sun yi yawa kuma ba sa haɗuwa. Wasu na cewa an rufe ƙofa ruf tun Yulin 2025. Wasu kuma har gobe suna tallar takardar ɗaukar nauyi, wato CoS, ta aikin kula da tsofaffi, suna cewa a kawo kuɗi a tafi cikin wata biyu.

Mutumin da yake waje yau, wane irin aiki ne har yanzu kamfani zai iya ɗauko shi a kai, kuma nawa ne mafi ƙarancin albashin da ake nema? Wanda ya riga ya shiga a 2023 ko 2024 fa, ranar da zai sabunta bizarsa sabon ma'auni ne zai hau kansa ko tsohon? Idan kuma aka soke lasisin ɗaukar nauyi na kamfanin da ya kawo shi, ko aka sallame shi daga aiki, kwana nawa gare shi, kuma me zai fara yi? Don Allah a ba mu adadi da ranaku, kada a ce mana "ya danganta" a yi shiru.

Malam Habu ya amsa:

Wa alaikumus salam Ummu Salma. Ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba, ƙuntata ta aka yi, kuma ba rana ɗaya aka yi aikin ba. Shi ya sa za ki ga mutum biyu suna musu alhali kowa da gaskiyarsa, don kowa da dokar lokacin da ya shiga yake magana. Kafin a ba mutum amsa sai an tambaye shi abu biyu: yaushe aka ba shi CoS ɗinsa na farko, kuma wace lambar sana'a ce a jiki, wato lambar da gwamnati ta ba kowane nau'in aiki. Duk sauran lissafin daga nan yake tasowa.

A ranar 4 ga Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na gama-gari daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara. Babban sauyin kuwa shi ne na 22 ga Yulin 2025, wanda ya biyo bayan takardar manufofin shige da fice da gwamnatin Keir Starmer ta fitar a ranar 12 ga Mayun shekarar. A ranar albashin ya koma fam 41,700, sannan aka mayar da matakin ƙwarewar da ake nema daga mataki na 3, wanda ya yi daidai da kammala babbar sakandare, zuwa mataki na 6, daidai da digiri. Sana'o'i fiye da ɗari suka fita daga tsarin, ciki har da masu dafa abinci da mahauta. A lura da kyau: matakin aikin ake dubawa, ba takardun mutum ba. Mai digiri biyu ba zai samu biza a kan aikin da lambarsa take mataki na 3 ba, wanda kuma ba shi da digiri zai iya samu idan aikin na mataki na 6 ne kuma kamfani ya gamsu zai iya yinsa.

Ayyukan da ba su kai mataki na 6 ba, ƙofofi biyu ƙanana suka rage musu. Akwai jerin wucin gadi na sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu, inda za ki tarar da masu walda, masu aikin lantarki, masu aikin famfo da wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kuma jerin sana'o'in da aka yi wa rangwamen albashi, inda magina da kafintoci suke. Na farkon ba shi da rangwame ko kaɗan, fam 41,700 ɗin nan dai za a biya. Na biyun yana sauko da shi zuwa fam 33,400. Duka biyun an sa musu wa'adin ƙarshen Disambar 2026, kuma sabon mai shiga ta cikinsu ba zai kawo mata ko miji ko 'ya'ya ba. Wannan sharaɗi na iyali shi ne abin da dillalai ba sa faɗa.

Yanzu batun albashi, wanda nan ne takardu suka fi faɗuwa. Ba ma'auni ɗaya ba ne, uku ne, kuma dole a haye dukansu: na gama-gari fam 41,700, sai albashin da aka yanka wa ita kanta sana'ar, sai mafi ƙarancin kuɗin awa fam 17.13. Wanda ya fi tsawo a cikinsu shi ke aiki. Albashin sana'a kuma a kan awa 37.5 a mako aka lissafa shi, don haka idan awannin kwangila sun fi haka, shi ma sai ya tashi.

Ga misali. A ce albashin da aka yanka wa wata sana'a fam 45,000 ne. Kamfani ya rubuta fam 46,000 a kan awa 40 a mako. Da ido za ki ce ya wuce duka biyun. Amma 45,000 sau 40 a raba da 37.5 zai ba ki 48,000. Ke nan akwai giɓin fam 2,000, kuma za a ƙi bizar. Ta ɗaya ɓangaren, na gama-garin ba ya sauka don an rage awanni: mai karɓar fam 24 a awa, yana aikin awa 30 a mako, shekararsa fam 37,440 ce, bai kai ba duk da kuɗin awarsa na da kyau. Kuma tsurar albashin da aka tabbatar a kwangila kawai ake ƙirgawa. Kuɗin ƙarin lokaci, alawus na gida ko na mota, garaɓasar ƙarshen shekara, duk ba sa shiga.

Akwai rangwame ga wasu. Sabon shiga, wato wanda bai kai shekara 26 ba ko mai sauyawa daga bizar ɗalibi ko ta wanda ya kammala karatu, ana karɓar fam 33,400 da kashi 70 cikin ɗari na albashin sana'ar. Sai dai shekara huɗu ce iyakar wannan rangwame, kuma shekarun da mutum ya yi a kan bizar kammala karatu suna cikin huɗun. Wanda ya ci biyu a can, biyu suka rage masa, daga nan sai cikakken albashi ko a rasa sabuntawa. Mai digirin digirgir da ya dace da aikin fam 37,500 ne, idan a fannin kimiyya ko fasaha ko injiniya ko lissafi ne kuwa fam 33,400. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta tsarin albashinsu na ƙasa ake bi, ba wannan fam 41,700 ba.

Tambayarki ta biyu. Wanda aka ba CoS kafin 4 ga Afrilun 2024, kuma izininsa bai taɓa yankewa ba, yana kan ƙaramin ma'auni, wanda ya koma fam 31,300 a Yulin 2025, tare da ƙaramin albashin sana'a. Wannan sassauci yana nan ga takardun da aka shigar kafin 4 ga Afrilun 2030. Wanda ya shiga tsakanin Afrilun 2024 da 21 ga Yulin 2025 a kan aikin mataki na 3 zuwa 5, zai iya sabuntawa, zai iya sauya kamfani, iyalinsa ma suna nan daram. Amma albashi ba shi da irin wannan kariya: ranar sabuntawa da adadin ranar za a auna shi, ba da na ranar da ya shiga ba. Mutumin da aka kawo a kan fam 38,700 daidai, idan ba a yi masa ƙari ba, zai zo sabuntawa ya tarar da giɓin fam 3,000. Maganar nan a fara ta da kamfani wata shida kafin biza ta ƙare, ba saura mako biyu ba.

Hajiya Binta ta amsa:

Malam Habu ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya a kan aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, don nan ne ake cutar bayin Allah.

Ummu Salma, ki ji wannan da kyau ki kuma isar wa duk wanda kika sani: tun 22 ga Yulin 2025 babu wanda zai nemi biza daga wajen Birtaniya a kan lamba 6135 ko 6136, wato mai kula da babban mai kula. An rufe. Duk wanda ya ce yana da CoS na wannan aiki ga mutumin da ke waje, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma zai sa aikin a ƙarƙashin wata lamba da ba tasa ba, wanda shi ma ƙarshensa ƙin biza ne ko soke lasisi. An buɗe hanyar mai kula ne a Fabrairun 2022, a ranar 11 ga Maris ɗin 2024 aka hana sabbin masu shiga kawo iyali, aka kuma wajabta wa gidajen kula na Ingila rajista da CQC, hukumar da ke sa ido a kansu, kafin su ɗauki nauyin kowa. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 Ma'aikatar Cikin Gida ta soke lasisi fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Akasarinsu ba su yi laifin komai ba, wasu ma bashi suka ci suka zo.

Waɗanda ke ciki ba a kore su ba. Mai bizar kula zai iya sabuntawa, zai iya komawa wani gidan kula mai lasisi, kuma mafi ƙarancin albashinsa a ma'aunin Afrilun 2025 fam 25,000 ne a shekara ko fam 12.82 a awa. Wanda ke cikin ƙasar a kan wata biza, kamar ɗalibi, zai iya sauyawa zuwa aikin kula har zuwa 22 ga Yulin 2028, da sharaɗin ya riga ya yi wa wannan kamfanin aiki bisa ƙa'ida na aƙalla wata uku. Ma'aikatan jinya kuwa abin bai taɓa su ba, nasu aikin mataki na 6 ne, hanyarsu ta rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta NMC tana nan, kuma suna kawo iyali.

CoS ba takarda ba ce da ake bugawa a sa hatimi. Bayani ne da kamfani ke shigarwa a manhajar gwamnati, lamba ta fito, da lambar ake cike neman biza cikin wata uku. Kuɗinsa fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma kamfani ne ke biya. Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci shi, ta kuma hana kamfanonin samar da aiki a Birtaniya karɓar kuɗi daga mai neman aiki don sun samo masa aiki. Saboda haka da zarar an ce a kawo dubban fam kafin CoS ya fito, an riga an karya doka tun kafin a fara. Sunayen kamfanoni masu lasisi suna nan a shafin gov.uk kyauta, a duba suna da gari da nau'in bizar. Amma ganin sunan bai isa ba, don 'yan damfara suna aron sunan kamfanin gaske. A nemo lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi, a kira, a tambaya ko su suka ba da aikin. Aikin da ba a yi wa mutum intabiyu ba, ba aiki ba ne. Kuma idan aka shigar da takardar bogi, mai neman bizar ne ke kwana ciki, domin ana iya hana shi shiga ƙasar shekara goma.

Sai batun soke lasisi. Bizar ma'aikaci da lasisin kamfani kamar guga da igiya ne, igiya ta tsinke guga ya tafi. Amma a bambanta dakatarwa da sokewa. Idan dakatar da lasisi aka yi, ma'aikatan da ke ciki suna ci gaba da aikinsu, kamfanin ne kawai ba zai ba da sabon CoS ba, kuma yana da ranakun aiki 20 ya kare kansa. Idan aka soke, ko aka sallami mutum, ko shi ya ajiye aiki, Ma'aikatar Cikin Gida za ta datse bizarsa zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata idan bai kai 60 ba. Ƙirgen yana farawa daga wasiƙar ma'aikatar, ba daga ranar sallama ba. Wasiƙar kuma galibi ta imel take zuwa, kuma mutane da yawa imel ɗin ejan ne a kan takardunsu, ba nasu ba. Kwanakin na tafiya ba su sani ba. Kowa ya shiga asusunsa na UKVI, wato sashen biza na ma'aikatar, yau ya tabbatar imel da lambar wayar da ke ciki nasa ne.

A cikin kwanakin nan abin da ake buƙata shi ne sabon kamfani mai lasisi, sabon CoS, da sabon neman biza kafin wa'adin ya cika. Wanda ya shigar a kan lokaci, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana riƙe masa izininsa har a yanke hukunci, wanda yakan ɗauki kamar mako takwas. Abu biyu ke ɓata wannan. Na farko fara aiki a sabon wuri kafin a amince, wanda aiki ne ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu yin tafiya yayin da takarda ke hannunsu: da ka bar Birtaniya da Ireland da tsibiran da ke tare da su, an ɗauka ka janye nemanka. Masu aikin kula a Ingila su nemi cibiyoyin yanki-yanki da gwamnati ta kafa don haɗa waɗanda suka rasa mai ɗaukar nauyi da gidajen da ke neman ma'aikata, ba a biyan ko sisi.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rage awanni. An rubuta awa 37.5 a CoS, ana ba mutum awa 15, ana biyansa na 15, ya yi shiru don tsoron kada a mayar da shi gida. Albashin da ke CoS wajibi ne a kan kamfani, ko akwai aiki ko babu. A adana takardun albashi, jadawalin aiki da bayanan banki na kowane wata. Hukumar ACAS tana ba da shawara kyauta kan haƙƙin ma'aikaci. Riƙe fasfon ma'aikaci kuma laifi ne, ba al'adar kamfani ba ce.

Ummu Salma ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar imel ɗin nan ta tsaya mini a rai. To ɓangaren kamfani fa? Ƙaramin kamfani da ke da ma'aikaci a kan bizar kammala karatu yana son riƙe shi, nawa zai kashe, kuma halal ne a doka ya ce ma'aikacin ya biya shi a hankali daga albashi?

Alhaji Garba ya amsa:

Ummu Salma, amsar ta biyu tukuna: wasu kuɗaɗen haramun ne a karɓa daga ma'aikaci ta kowace fuska. Tun 31 ga Disambar 2024 kuɗin lasisi da kuɗin CoS sun shiga wannan sahu, harajin ƙwarewa kuwa, wanda kamfani ke biya wa gwamnati a kan ma'aikacin da ya ɗauki nauyinsa, da ma can yana ciki. Kamfanin da aka kama yana karɓarsu, lasisinsa ne zai tafi. Kuɗin biza da kuɗin lafiya, wato na amfani da asibitocin gwamnati, na ma'aikaci ne, kamfani na iya ranta masa, amma akwai tarko. Tun 9 ga Afrilun 2025 duk abin da ma'aikaci ke mayar wa kamfani na irin wannan rance ana cire shi daga albashi kafin a auna. Albashi fam 42,000, CoS na shekara uku, rancen fam 3,000: a raba uku, fam 1,000 kowace shekara, albashin ya zama 41,000, ya faɗi ƙasa da 41,700. Kamfani ya yi niyyar taimako, ya kashe bizar da hannunsa.

Ga lissafin. A farashin Afrilun 2025 lasisi fam 574 ne ga ƙaramin kamfani ko ƙungiyar agaji, fam 1,579 ga babba. Tun Afrilun 2024 an daina sabunta shi duk shekara huɗu. CoS fam 525. Harajin ƙwarewa an ƙara masa kashi 32 cikin ɗari a Disambar 2025, ya zama fam 480 a shekara ga ƙarami, fam 1,320 ga babba, kuma dunƙule ake biyansa ranar ba da CoS. Shekara uku ke nan ƙaramin kamfani zai kashe fam 2,539, babba fam 6,064, ban da lauya. Ba a biyan harajin idan mutum daga bizar ɗalibi yake sauyawa kai tsaye, amma wanda ya riga ya koma bizar kammala karatu ana biya masa. Kamfanin da ya san zai riƙe yaro, gara ya yi wannan lissafin tun yana ɗalibi.

Shi ma'aikaci mai nema daga waje, a farashin Afrilun 2025, biza ta shekara uku fam 769 ce, kuɗin lafiya fam 1,035 kowace shekara, jimla fam 3,874. Mata ko miji haka, yaro kuma fam 776 a shekara ban da kuɗin bizarsa. Miji da mata da ɗa ɗaya sun tashi a fam 10,845. Sannan a nuna fam 1,270 a banki na kwana 28 a jere, da ƙarin 285 na abokin zama da 315 na ɗan fari, sai in kamfani ya sa hannu a CoS cewa ya ɗauki nauyin watan farko. Ko sau ɗaya kuɗin ya sauka ƙasa da adadin a cikin kwanakin, ƙirge ya koma farko. Masu bizar lafiya da kula ba sa biyan kuɗin lafiya, bizarsu ma ta fi araha. Kuɗaɗen nan suna yawan tashi a watan Afrilu, a duba gov.uk ranar biya.

Samun lasisi kamar mako takwas yake ɗauka, don haka wanda bizar ma'aikacinsa saura wata biyu ya riga ya makara. Amma samunsa ba shi ne wahala ba, riƙe shi ne. Duk sauyin da ya shafi ma'aikaci sai an sanar cikin ranakun aiki 10: bai fara aiki ba, an rage albashi, an sauya wurin aiki, ya bari, ko ya yi fashin fiye da ranakun aiki 10 a jere ba izini. Sauyin da ya shafi kamfani, kamar sabon adireshi ko sabon mai shi, ranakun aiki 20. Sayar da kamfani yana kashe lasisi da yawa, domin lasisi ba ya bin ciniki, sabon mai shi sai ya nemi nasa. Hutun da ba albashi fiye da mako huɗu a shekara shi ma yana kawo ƙarshen ɗaukar nauyi, sai irin su hutun haihuwa da rashin lafiya. Ƙarin girma da ya sauya lambar sana'a kuwa sabon CoS da sabuwar biza yake buƙata, ko da teburin bai motsa ba.

Jami'ai na iya zuwa ba sanarwa. Za su ɗauki CoS, su ɗora shi a kan bayanan albashi na hukumar haraji ta HMRC, su kira ma'aikaci gefe su tambaye shi abin da yake yi daga safe zuwa yamma. Idan CoS ya ce manajan kasuwanci, shi kuma ya ce yana tsaye a kantar shago, magana ta ƙare. Tun da aka ɗaga mataki zuwa 6, jarabar kumbura sunan aiki ta ƙaru, kuma ina roƙon masu kamfani su guje ta, don ba su kaɗai za su faɗi ba, har da duk wanda ke ƙarƙashin lasisin. Tarar ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki tun Fabrairun 2024 tana kaiwa fam 45,000 kan mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 idan an maimaita. Katin BRP na shaidar izinin zama ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu ta intanet ake tantance izini da lambar da ma'aikaci zai bayar, kuma kafin ranar fara aiki ake yi, a adana shaidar.

Malam Habu ya ƙara da cewa:

Alhaji ya gama magana a kan kuɗi. Saura abu biyu da ba a taɓo ba.

Turanci. Daga 8 ga Janairun 2026 sabon mai neman bizar aiki sai ya kai matakin B2, wanda ya fi B1 da ake nema a da. A jarrabawar IELTS ta UKVI wannan 5.5 ne a kowane ɓangare huɗu, karatu, rubutu, sauraro da magana, maimakon 4.0. Ba matsakaicin maki ake dubawa ba, wanda ya samu 7 a uku ya samu 5 a rubutu ya faɗi. Sakamakon shekara biyu yake yi, kuma sai a cibiyar da aka amince da ita. 'Yan Najeriya da Ghana ba sa cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi, sai dai mai digirin da aka koyar da Turanci zai iya kai shi Ecctis, masu tantance takardun karatu na waje, su tantance, ya tsaya a madadin jarrabawa. Wanda ya riga ya shiga da B1 kuma yana sabuntawa ne kawai, ba a neman ya sake.

Sai zaman dindindin. Tsarin da aka saba shi ne shekara biyar a jere, ba tare da yin fiye da kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba, da cin jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, da wasiƙar kamfani cewa har yanzu ana buƙatar mutum a kan albashin da ya kai ma'auni. A Nuwambar 2025 ministar cikin gida Shabana Mahmood ta gabatar da shawarar mayar da shi shekara goma, har sha biyar ga masu aikin da bai kai mataki na 6 ba, tare da ragi ga masu babban albashi, kuma shawarar ta haɗa da waɗanda suka riga suka shiga ba su kai ga samu ba. A ganina wannan ya fi duk sauran nauyi a kan masu aikin kula, don ƙarin shekaru yana nufin ƙarin zama a hannun kamfani ɗaya da ƙarin kuɗin sabuntawa. Wanda shekarunsa biyar suka kusa cika kada ya jinkirta, ana karɓar nema tun saura kwana 28.

Hajiya ta ce a nemi sabon kamfani cikin kwana 60, ni kuma zan ce kada a jira wasiƙar. Ranar da albashi ya fara jinkiri, ko sunan kamfani ya ɓace daga jerin masu lasisi, ranar za a fara nema, domin tsakanin intabiyu da fitar CoS kwana 60 ba sa isar mutane da yawa. Mai neman shawara ta doka kuma ya tabbatar wanda zai ba shi lauya ne mai rajista da hukumar lauyoyi ta SRA, ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Duka rajistocin biyu ana duba su a intanet da sunan mutum ko na ofishinsa kafin a biya kuɗin ganawa.